Shekarun da Siliq Ta Yi wa Pihaw Shiru

Pihaw ɗan Nokan bai taɓa fita daga gida ya wuce kai tsaye inda za shi ba. Duk wanda ya san shi a ƙauyenmu na kabilar Tayal, can saman duwatsun Taiwan inda gajimare ke kwana a ƙofar ɗaki, ya san haka. Zai goya kwandonsa, ya rataya adda, ya kama hanya kamar wanda ake jira, amma da ya kai bakin kurmi sai ya tsaya cak, ya karkata kai gefe guda, baki a ɗan buɗe. Siliq yake saurare.

In ka gan ta sai ka raina ta. 'Yar mitsitsiyar tsuntsuwa ce mai launin ƙasa, kai toka-toka, da farin zobe kewaye da ido. Ba kyau, ba nama. Amma mu ta bakinta muka san abin da kakanninmu da suka riga mu tafiya suke so. Nokan ya koya wa ɗansa karatunta tun Pihaw bai kai tsawon adda ba: in ta yi kuka mai taushi daga dama, ka ƙara gaba ta sake yi daga hagu, hanya a buɗe take, je ka. In ta gitta gabanka tana masifa da murya mai kaushi, juya ka koma, ko da tuwonka na can yana hucewa.

Da sanyi ya shiga, uban kan zaunar da shi a kan gungume ya ce ya yi shiru. Kurmi zai yi tsit, sai ɗigar raɓa daga ganye. Can sai a ji 'yar ƙara daga nesa, kamar ana zuba gero a faifai, tana matsowa, tana matsowa, kafin ka ankara itatuwan da ke kanka sun cika da rai.

"Ka ga uwar tafiya?" in ji Nokan. "Ita ce a tsakiya, ita da danginta. Sauran nan duk ba danginta ba ne. Kowa da yarensa, kowa da kwanonsa, amma inda ta sa gaba nan suke bi. Ka taɓa jin an tara kabilu goma a hanya ɗaya ba a yi dambe ba? To ga shi."

Wata rana tsuntsuwar ta kore su gida ana tsakiyar tafiya farauta, yaro ya yi ta ƙunƙuni. Uban ya dungure masa kai.

"In sun yi maka faɗa, gode musu. Mai yi maka faɗa bai fid da rai da kai ba. Abin tsoro shi ne shiru. Ranar da kakanni suka gama da mutum ba sa zaginsa, bakinsu kawai suke ja. Irin wannan in ya mutu ya je bakin gadar bakan gizo da matattu ke hayewa, zai hango su a tsallake, amma ba mai miƙo masa hannu."

Maganar nan ta shiga Pihaw ta zauna, har ya yi furfura ba ta fita ba.

Labarin aurensa kuwa har yau ana ba da shi a wajen biki. Ya ga Rimuy, wata doguwar masaƙiya mai bakin tsiya a ƙauyen tsallaken kwari, ya ce shi fa sai ita. Dattawa suka shirya, aka ɗauki giyar gero da nama, aka kama hanya. Siliq ta gitta tana zage-zage, aka dawo. Aka sake shiri, ta sake gittawa. Haka aka yi ta yi har naman ya ƙare a cikin dattawa, wani ma har ya yi ƙiba. Da dai aka samu aka isa, Rimuy ta leƙo daga bayan masaƙa ta ce, "Ashe tsuntsuwar nan ƙawata ce. Ta yi iya ƙoƙarinta ta cece ni, ƙaddara ta fi ƙarfinta." Tun daga ranar ba ta daina tsokanarsa ba, shi kuma bai daina murmushi ba.

Ya yi wasu shekaru a birni yana aikin kafinta a wajen gine-gine, kamar yawancin samarinmu na lokacin. Abokan aikinsa sun ce ko a can, in zai shiga ƙofar wurin aiki, sai ya tsaya ya karkata kai, alhali ba komai sai 'yan tsuntsayen kwata da ƙarar siminti. Bai jure ba. Ya tattara ya dawo, ya gina ɗaki a sama da ƙauye, inda mota ba ta kaiwa, ya kama noman naman kaza, irin wanda ake tsirarwa a jikin gungume. Ya sayi injin yankan itace, ya yi ta gwabza shi shekara da shekaru ba ko auduga a kunne. Lahadi yana coci a benci na gaba, Litinin yana bakin kurmi da kai a karkace. Fasto ya taɓa ce masa, "Yutas," wato kaka a yarenmu, "har yanzu kana tambayar tsuntsu hanya?" Pihaw ya ce, "Wanda ya yi ka shi ya yi ta, kuma ita wa'azinta gajere ne." Fasto ya yi dariya har da riƙe ciki, bai sake tayar da zancen ba.

To, sai aka wayi gari kurmi ya yi masa shiru.

Ba a rana ɗaya ba. Da farko ya ga kamar tawagar ta rage zuwa, ya ce ko sun canza hanya. Sanyi ya wuce, wani ya shigo, ya zauna a gungumen da ubansa ya saba zaunar da shi har ɗuwawunsa ya yi sanyi, bai ji zubar geron nan ba. Abin da ya karya shi shi ne ranar da ya ɗaga kai ya hango su da idonsa. Suna can nesa suna ratsa itatuwa, ganye na motsi, siliq ɗaya ma ta tsallake sarari a gabansa. Sun zo, sun gan shi, ba wanda ya ce uffan. Nan ya dafa itace. Shiru ma magana ce, kuma ya san fassarar wannan.

Kada ka ce don me bai zargi kunnensa ba. Yana jin gudun kogi a ƙasan kwari. Yana jin haushin kare, yana jin babur, yana jin tsawa, yana jin Rimuy in ta ɗaga murya, wato kullum. Mutumin da ke jin duk waɗannan ta yaya zai ce shi kurma ne? Duniya duk tana yi masa magana, bakin kakanni kaɗai ne ya rufe.

Bai gaya wa kowa ba. Wa zai tara ya ce masa, ni Pihaw, kakanni sun yar da ni? Sai ya shiga tonon rayuwarsa yana neman laifin. Ko ya taɓa cin naman farauta bai raba ba? Ko ya matsa iyakar gonar maƙwabci? Ko shekarun birni ne? Ko cocin? Ya tona, ya tona, bai samu abin da ya kai a yi masa haka ba, kuma rashin samun ya fi komai ci masa rai, don wanda bai san laifinsa ba bai san ta inda zai roƙi gafara ba. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Abinci sai ya taɓa ya ture.

"Wai kai wace budurwa ce ta yaudare ka da tsufan nan?" in ji Rimuy. "Gaya min in je in ba ta haƙuri."

"Ba komai."

"Ba komai ne ya mai da kai sandar shanya?"

Ita ma tana da nata. Gwiwoyinta sun kumbura, sun ƙi lanƙwasa, saƙar da take zama a ƙasa ta miƙe ƙafa ta yi ta gagare ta. 'Yarsu Iwal, wadda ke aikin jinya a birnin Hsinchu, ta kai ta an duba, aka ce sai an yi aiki, kuma bayan aikin ba ita ba hawan dutse. Iwal ta gyara musu ɗaki a gidanta. Pihaw ya ce a bari a kwashe naman kaza. Aka kwashe. Ya ce a bari damina ta wuce. Ta wuce. A zuciyarsa yana roƙon abu ɗaya: su yi masa magana ko sau ɗaya, ko da zagi ne, kafin ya bar dutsen. Ya san in ya sauka ba zai dawo da ƙafarsa ba, kuma tsoron mutuwa a cikin shirun nan ya hana shi sakat.

"Yaba," wato baba, in ji Iwal a waya, tana ɗaga murya yadda ta saba yi masa ba tare da ta lura ba, "kana so sai ta koma rarrafe? Me kake jira ne?"

Da safiyar wata rana ya iske Rimuy a bakin murhu ta kasa tashi, ta cije leɓe, hawaye na zuba, ba ta kira shi ba. Ya tsaya ya dube ta. Ya ce a gaya wa Iwal ta kawo mota bakin titi. In za a kore shi a gada, a kore shi, amma ba zai biya da ƙafafun matar nan ba.

Ranar tafiya ya kulle ɗaki, ya goya kwando da 'yan kayansu da shinkafa mai danƙo da Rimuy ta dafa a cikin gora. Hantsi ya yi, gajimare yana yayewa daga kwari. Hanyar sauka ta ratsa tsakiyar kurmi, inda manyan itatuwa suka sha gansakuka tun daga gindi har wuya, igiyoyi na reto daga rassansu. A bakin kurmin ƙafarsa ta tsaya da kanta, kansa ya karkata. Ba komai. Ya kama hannun matarsa suka shiga.

Tafiyar hawainiya suka yi. Da suka kai gungumen Nokan ta ce sai ta huta. Suka zauna, shi kansa a sunkuye yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Kai, waɗannan 'yan hayaniya!" in ji Rimuy. "Mutum ba zai huta da ciwonsa ba?"

"Su wa?"

"Mutanenka mana. Ga su nan sun taho kamar an tashi kasuwa."

Ya ɗaga kai.

Ikon Allah! Kurmin gaba ɗaya motsi yake. Can ƙololuwa, inda rana ta huda ganye, wasu dogayen wutsiya suna zubowa daga reshe zuwa reshe, mazan ja wur kamar garwashi, matan rawaya. Ƙasa da su 'yan tukku sun yi cincirindo a kan furanni, suna reto kai ƙasa, tukkun na tashi yana kwanciya. Wasu ƙanana masu jan kai da baƙar fuska, waɗanda ba su fi babban yatsa ba, suna bin ƙarshen rassa suna leƙa bayan kowane ganye. Wani shuɗi-shuɗi yana saukowa a jikin itace da kai a ƙasa, ko jiri ba ya ji, yana zaro tsutsa daga ɓawo. A bayansa ɗan sassaƙa na dukan busasshen reshe, garin itace na zubowa a cikin haske. Duk ƙwaron da ya tsere wa na sama sai ya faɗa bakin na ƙasa, wanda ya tashi sama kuwa akwai wani baƙi mai sheƙi da wutsiya a tsage yana zaune a fili yana jiransa, ya cafke ya koma mazauninsa. Ba mai ture wani, ba mai bin kwanon wani. A tsakiyar wannan duka ga siliq da danginta, masu kayan talakawa, suna tsalle daga kurmi zuwa kurmi, duk inda suka karkata sai taron ya karkata kamar an ja zare ɗaya a masaƙa.

Shekara nawa yana ganin abin nan, amma da kunne ya saba tarbarsa, ido na biye. Yau da ya zo masa ba sauti ko kaɗan, sai ya gan shi kamar bai taɓa gani ba. Tsigar jikinsa ta tashi. Ya ji kansa ɗan ƙarami, ya ji kuma baƙin ciki kamar zai kashe shi, don ga kyau iya kyau ya kewaye shi kuma ba a yi da shi.

Sai baƙin nan mai tsagaggiyar wutsiya ya miƙe wuya, ya wage baki.

Kafin ƙiftawar ido kurmi ya zama wayam. Ja, rawaya, tukku, duk suka zube cikin duhun ganye kamar an hure fitila. Inuwar shaho ta ratsa tsakanin itatuwa, ta karkata, ta wuce da ƙafa ba komai. Pihaw ya bi ta da kallo. Dukansu sun ji wani abu a lokaci ɗaya. Rimuy ma ta zabura ta dafe kunne. Shi kaɗai ne bai ji ba.

Da ya sauke ido sai ga siliq. Gudun shaho ya jefo ta cikin ɗan kurmin da ke gefen gwiwarsa, kusa har yana iya ƙirga gashin fuskarta. Ta lafe, ta dube shi da farin zoben nan. Can ta girgije, ta ɗaga kai don ta tara jama'arta. Bakinta ya buɗe. Maƙogwaronta ya kumbura yana rawa, wutsiyarta na kaɗawa da kowane bugu, duk ɗan jikinta na aiki. Shi kuwa ko ƙis.

"Rimuy," ya ce a hankali. "Kuka take yi?"

"Kuka? Tun ɗazu take tsaga min kai."

"Kullum haka suke yi?"

"Kullum ta Allah. Har bayan ɗakinmu suke zuwa." Ta juyo ta dube shi da kyau. "Me ya faru?"

"Sanyi biyu ke nan ba su ce min komai ba. Na ɗauka sun gama da ni."

Rimuy ta ƙura masa ido. Ta dubi ramammen wuyansa. Sai ta ɗaga sandarta ta ɗan maka masa a ƙafa.

"Kai tsohon banza! Abin da ke cinka ke nan? Butar shayi nawa ka ƙone min tana ta fito kana zaune a gabanta? In Iwal ta kira, waya ta yi ƙara, wa ke ɗauka? Yaushe rabonka da ka ce gyare ya dame ka? Injin nan ya cinye maka rabin kunne tuntuni, kowa ya sani, har kare ya sani! Mun yi shiru ne don kada ka ji kunya." Muryarta ta karye. "Kai kuma ka yi shiru don kada mu ji kunya. Ka ga sakarkaru biyu a ɗaki ɗaya."

Pihaw ya sa hannu ya rufe fuska. Dariya ce ko kuka, shi kansa bai sani ba, kafaɗunsa dai suna girgiza. Ashe suna nan. Ashe duk safiyar da ya tsaya a bakin kurmi yana jin kamar maraya, suna kansa suna ta kira har muryarsu ta dushe. Daɗi ya cika shi har ya ji jiri. A ƙarƙashin daɗin kuma ga wani ɗaci, don ya gane muryar nan da ya tashi da ita ba zai ƙara jin ta ba har ya mutu.

A sama taron ya fara haɗuwa. Ja ya fito, tukku ya fito, ɗan sassaƙa ya koma bakin aikinsa kamar ba a yi komai ba.

"Yi min," in ji shi.

"In yi maka me?"

"Abin da ta ce. Yadda ta faɗa, kada ki ƙara, kada ki rage."

"Ni na san karatunku? Ubanka bai koya wa mata ba."

"Ba fassara na ce ki yi ba. Ara min kunne kawai."

Ta yi tsaki, ta gyara zama, ta saurara. Sannan ta kawo bakinta daidai kunnensa, ta kwaikwayi tsuntsuwar da tsohuwar muryarta mai kauri, wadda yake iya ji. Abin dariya ne, da wani ya wuce sai ya ce tsohuwar ta zare. Amma Pihaw ya rufe ido. Mai taushi ne, a jere, ba gaggawa. Kuma daga dama tsuntsuwar take.

"Tashi," ya ce. "Saura ɗaya. Sai mun ƙara gaba."

Ya ɗaga ta, ta rataya a kafaɗarsa, suka ci gaba da gangarawa. Taron ma gangara yake yi, yana ratsa itatuwa a gefensu, inuwoyi ƙanana na gilmawa a kan hanya. Shi yana kallo, ita tana saurare. Sun kusa inda hanya ta lanƙwasa wajen gorori sai ta matse masa hannun hagu, ta tsaya, ta sake kawo baki kunnensa. Irin na ɗazu ne sak.

Ya sauke kwando, ya fasa gora ɗaya, ya gutsuri shinkafa ya ajiye a kan dutse a gefen hanya, yana motsa baki.

"To, me ta ce?" in ji Rimuy. "Gaya min gaskiya. In cewa ta yi mu koma, mu koma. Gwiwa tawa ce, na saba da ita."

Ya dube ta, wannan mata da tsuntsuwa ta yi ta hana shi aura har nama ya ƙare. Ya waiwaya ya dubi hanyar da ta hau zuwa ɗakinsa, da gumagumansa, da kabarin Nokan. Ya so a ce masa ya zauna, ba zai ɓoye wa kansa ba. Amma ba korarsa aka yi ba, sallamarsa aka yi, kuma ya san bambancin.

"Ta ce hanya a buɗe take," in ji shi. "Ta ce mu je."

Ya tsaya har jan ƙarshe ya ɓace a cikin ganye, sannan ya goya kwandonsa.

A bakin titi Iwal na jingine da mota, ta harɗe hannu, ta cika ta yi fam.

"Yaba! Tun yaushe nake nan? Na ɗauka ka sake fasawa."

Rimuy ta miƙa mata sanda, ta dafa ƙofar mota tana nishi.

"Rabu da shi," ta ce. "Ubanki ne ya tsaya gaisawa da danginsa."